Yadda ake kasafta kuɗin sipikun hom tiyata ba tare da an yi cinikin biri a sama ba

Shekarun baya na sayi wani saiti a kasuwa, sipika biyar da wufa ɗaya (babbar sipikar nan mai fitar da gurnani), an rubuta wat 3000 da manyan haruffa a jikin kwalin. Da na je gida na juya bayan wufar, inda aka liƙa takardar wuta, sai na ga duk abin da take ja daga soket bai wuce wat 80 ba. Na'urar da ke shan wat 80 ba ta da inda za ta samo wat 3000 ta ba ka, kamar yadda randar da aka zuba wa bokiti ɗaya ba za ta cika tanki ba. Tun daga ranar na daina duba gaban kwali. Ga yadda nake bi yanzu idan wani ya ce in raka shi sayen kayan sauti na falo.

Mataki na farko: auna falon kafin ka auna aljihu

Ɗauki tef ka auna tazarar da ke tsakanin talabijin da kujerar da ka fi zama a kai. Wannan lambar ce za ta yanke maka rabin hukuncin. Da desibel ake auna ƙarar sauti. Sauti yana raguwa da kusan desibel 6 duk lokacin da tazara ta ninka a fili, a cikin ɗaki kuwa bango yana mayar da wani abu daga ciki. Mai zama a mita 2 da mai zama a mita 4 ba sipika ɗaya suke buƙata ba. Falon da bai wuce mita 4 a mita 5 ba, ƙananan sipikun da ake ɗorawa a kan kanta tare da wufa mai kyau sun ishe shi. Dogayen nan masu tsayuwa a ƙasa sai babban falo, ko wanda ya buɗe zuwa wurin cin abinci.

Sannan ka tsaya tsakiyar falon ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. Idan ka ji tafin ya dawo maka da ƙara kamar a masallacin da ba a shimfiɗa komai ba, falonka yana amsa-kuwwa. Yawancin gidajenmu na yanzu haka suke: tayil a ƙasa, silin POP a sama, bangon siminti tsirara, ga tebur na gilashi a tsakiya. A irin wannan ɗakin maganar 'yan fim tana cakuɗewa, kana jin ƙara amma ba ka gane me aka ce. Sipikar miliyan ba ta maganin wannan. Babban kafet mai kauri tsakanin talabijin da kujera, da labule mai nauyi a taga, su ne magani, kuma kuɗinsu ya kamata ya shiga cikin lissafin tun yanzu.

Mataki na biyu: me kake kallo?

Amsa wa kanka da gaskiya. Idan yawancin abin da ake kunnawa a gidan YouTube ne, da labarai, da wa'azi, da finafinan Hausa, to kusan duk sautinsu layi biyu ne, hagu da dama. Sipikun baya ba su da abin da za su faɗa a nan sai abin da na'ura ta ƙirƙiro musu. Wanda ke kallon finafinan Amurka ko na Indiya a Netflix ko a faifan Blu-ray, ko mai wasan PlayStation, shi ne zai ci moriyar 5.1 sosai.

Ma'anar lambar: biyar ɗin su ne hagu, dama, tsakiya, da biyu na gefe ko baya. Ɗayan da ke bayan ɗigo ita ce wufa, mai fitar da gurnanin ƙasa. Tsarin Dolby Digital ne ya yaɗa wannan a gidajen sinima tun 1992, kafin faifan DVD ya shigo da shi gidajen mutane. Dolby Atmos, wanda ya fito a 2012, ya ƙara sipikun sama, shi ya sa kake ganin lamba ta uku kamar 5.1.2. Shawarata ga mai ƙaramin kasafi ita ce ya manta da Atmos tukuna. Tambarin yana ƙara farashi, kuma ƙaramar sipikar da ke harba sauti sama don ya dawo daga sili ba ta aiki yadda ya kamata a silin POP mai hawa-hawa da kwana-kwana.

Mataki na uku: zaɓi hanya ɗaya cikin uku

Hanya ta farko ita ce saitin da ke zuwa duka a kwali ɗaya, wanda muka saba kira hom tiyata. Shi ya fi araha. Matsalarsa ita ce komai a ɗaure yake da juna: amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi ta tura shi sipiku, tana cikin wufa ko cikin na'urar faifai, kuma sipikun da yawa daga cikinsu om 3 ne (om shi ne ma'aunin yadda sipika ke tirje wa wuta), ba su dace da wata amfilifaya ba. Ranar da allon wutar ya ƙone, duk saitin ya zama kayan ado. Akwai kuma wata dabara da ya kamata ka sani. Saiti da yawa marasa suna masu sipika biyar ba 5.1 na gaskiya ba ne, sautin hagu da dama kawai suke rabawa a duk sipikun. Juya bayansa ka duba. Idan babu ramin HDMI, babu na wayar haske (wadda ake rubuta Optical a jikin raminta), babu ramuka shida na layi-layi, sai ja da fari kawai da Bluetooth, to ba shi da ta inda sautin layi shida zai shiga masa.

Hanya ta biyu ita ce doguwar sipikar nan da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin, sawunba, irin ta Samsung, LG, Sony, JBL ko Hisense. Ba ta da wahalar waya, ba ta shan wuta sosai, kuma tana gyara maganar talabijin nesa ba kusa ba. Ga mai haya, ko mai ƙaramin ɗaki, ko wanda uwargida ta ce ba za a ja mata wayoyi a falo ba, wannan zaɓi ne na hankali. Iyakarta ita ce ba a faɗaɗa ta yadda kake so.

Hanya ta uku ita ce a sayi amfilifaya ta sinima daban, wadda masu sayarwa ke kira risiba, irin ta Yamaha, Denon, Onkyo, Marantz ko Sony, sannan a sayi sipiku daban. Ta fi tsada a farko. Amma ita kaɗai ce ke ba ka damar saye kaɗan-kaɗan, kuma sipika mai kyau tana iya shekara 15 ko 20 tana aiki yayin da ake canza risiba da talabijin. Sauran bayanin nan ya fi karkata ga wannan hanyar, domin a nan ne auna farashi da aiki yake da ma'ana.

Mataki na huɗu: raba kuɗin

Ka ɗauki duk abin da ka ware ka kasa shi goma. Yadda ni nake rabawa: kashi ɗaya ga kariyar wuta da wayoyi, kashi biyu da rabi ga risiba, kashi uku da rabi ga sipiku uku na gaba, kashi biyu ga wufa, kashi ɗaya ga na baya. A ce naira 600,000 ce a hannunka, ka ga 60,000 ta tafi wuta da waya, 150,000 risiba, 210,000 na gaba, 120,000 wufa, 60,000 na baya. Ba aya ba ce, ana iya matsawa nan a ƙara can. Abin da ba na yarda a taɓa shi ne fifikon na gaba a kan na baya.

Dalilin shi ne a fim kusan duk magana daga sipikar tsakiya take fita, kiɗa da yawancin motsi kuma daga hagu da dama. Na baya aikinsu ruwan sama ne, da hayaniyar kasuwa, da jirgin da ya wuce ta kanka. Suna iya yin minti da yawa ba su ce uffan ba. Ko masu araha ka sa a can ba za a kama ka ba. Amma ka sa mai araha a tsakiya, kowane dare sai ka riƙa ƙara murya idan ana magana, kana ragewa idan an fara harbi.

Ta tsakiyar nan ta fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda ake zato, saboda yadda muke jera kujeru. Mutum ɗaya da ke zaune daidai tsakiyar sipiku biyu zai ji magana kamar daga cikin talabijin take fitowa ko babu ta tsakiya. Falonmu kuwa kujeru a jikin bango suke zagaye, yara a ƙasa kan kafet, baƙo a kujerar gefe. Duk wanda ya kauce daga tsakiya zai ji maganar ta koma sipikar da ta fi kusa da shi. Ta tsakiya ce ke riƙe murya a wurin hoto ga kowa. Kuma a yi ƙoƙari ukun nan na gaba su zama kamfani ɗaya, jeri ɗaya, don kada muryar mota ta canza launi idan ta ratsa daga hagu zuwa dama.

Idan kuɗin bai kai ba, kada ka rage inganci don ka cika lamba. Sayi risiba da sipiku biyu masu kyau yau. Bayan wata uku ka ƙara wufa ko ta tsakiya. Na baya su zo ƙarshe. Biyu masu kyau sun fi shida na roba daɗin ji, kuma ba za ka sake kashe kuɗi a kan abu ɗaya sau biyu ba.

Mataki na biyar: karanta lambobin da ke da amfani

Wat da aka rubuta da PMPO, wato ƙololuwar ƙarfi ta ɗan ƙiftawar ido, ba shi da wani ma'aunin da aka yarda da shi, kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga dama. Wanda ake dubawa shi ne RMS, wato ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa a kai a kai. Rikicin tsoho ne, har hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka a 1974 kan yadda za a riƙa bayyana ƙarfin amfilifaya. Ko a manyan kamfanoni akwai wayo: sai a auna layi ɗaya kawai, a om 6, da gurɓacewar sauti har kashi 10 cikin 100, lambar ta fito ƙatuwa. Nemi inda aka ce layi biyu suna aiki tare, a om 8, daga hez 20 zuwa 20,000 (hez ma'aunin kauri ko sirantar sauti ne, ƙaramar lamba ita ce gurnani), da gurɓacewa ƙasa da kashi 1. Wannan lambar ce ta gaskiya, kuma kullum ta fi ƙanƙanta.

Ga abin da zai hana ka biyan kuɗin banza. Ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, wanda kunne ke ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin kunne ya ce ƙara ta ninka sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau goma. Saboda haka bambancin risiba mai wat 80 da mai wat 100 bai kai desibel 1 ba. Idan mai shago ya ce ka ƙara kuɗi mai yawa don wat 20 ɗin nan, ka ce masa Allah ya kawo kasuwa.

Lambar da mutane ba sa dubawa, alhali ta fi wat tasiri, ita ce saurin amsawar sipika, wadda ake rubutawa kamar 86 dB ko 90 dB, wato desibel. Tana nufin ƙarar da sipikar ke bayarwa da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya. Mai 88 da wat ɗaya, idan kana zaune a mita 3, za ta iso maka da wajen desibel 79. Da wat 10 ta kai 89, wanda ya isa maƙwabci ya aiko yaro. Mai 91 kuwa rabin wutar da mai 88 ke buƙata take nema don ta yi ƙara iri ɗaya. Ka ga sipika mai saurin amsawa tana ba ka damar sayen risiba mai sauƙin kuɗi, kuma ga mai amfani da inbata wannan riba ce biyu.

Sai om. Yawancin risiba an yi su ne don sipikun om 6 zuwa 8. Masu om 4 suna jan wuta da yawa, ƙaramar risiba tana zafi da su har ta kashe kanta, balle a watan Afrilu a Kano ko Sakkwato. Idan kasafinka ƙarami ne ka tsaya a 6 ko 8.

A wufa kuma, duba inda gurnaninta ya tsaya. Wadda ta sauka zuwa hez 30 ko kusa da haka da alamar ±3 dB, wato ƙararta ba ta hawa ko sauka fiye da desibel 3, ta yi. Faifan inci 10 ko 12 a akwatin katako mai nauyi shi ake nema. Ƙwanƙwasa jikin akwatin da gaɓar yatsa: idan ya yi ƙara kamar ganga, siriri ne, zai riƙa kaɗawa yana ɓata sauti. Mai kyau amsawarsa a toshe take kamar ka buga bango.

Mataki na shida: sabo ko na hannu

A nan ne kwalliya ta fi biyan kuɗin sabulu. Sipika ba ta tsufa da sauri, don haka tokumbo mai lafiya ta kamfanin kirki, irin su Polk, Wharfedale, Klipsch, JBL ko Yamaha, ta fi sabuwa marar suna a farashi ɗaya. Ana samunsu a kasuwar Alaba ta Legas da wuraren masu kayan lantarki na hannu a manyan garuruwa, da kuma a intanet. Sai dai kada ka biya kafin ka taɓa da hannunka.

Cire ragar gaba. Duba zoben da ya kewaye faifan: idan na soso ne, zafi da shekaru suna rubar da shi, taɓa shi kaɗan za ka ga yana marmashewa. Na roba ya fi jure yanayinmu. Tura faifan a hankali da yatsu a baje, ya shiga ya fito sumul. Idan ka ji yana gogar wani abu a ciki, murɗaɗɗiyar wayar cikinsa ta sha zafi, bar shi. Ka tafi da batir ɗin rimot na bolt 1.5, ka taɓa shi a wayoyin sipikar na ɗan daƙiƙa, faifan zai yi tsalle da ɗan ƙara idan yana raye. Idan akwai mitar masu gyara, sipikar om 8 takan nuna wajen 6, wannan daidai ne. Sannan a kunna kiɗa ƙasa-ƙasa ka kai kunnenka kusa da ƙaramin faifan sama mai fitar da siririn sauti, domin shi ne ya fi mutuwa kuma ba a cika lura ba a hayaniyar kasuwa.

Risiba ta hannu tana buƙatar ƙarin kula. Na farko, wutarta. Tamu bolt 230 ce. Kayan Amurka na 120 ne, na Japan na 100. Ka soka su kai tsaye, hayaƙi za ka gani. Sai da taransifoma mai rage wuta, wadda ita ma kuɗi ce. Kayan Ingila da sauran Turai su suka dace da mu. Na biyu, shekarunta. Ramin HDMI mai alamar ARC, wanda ke dawo da sautin talabijin zuwa risiba ta waya ɗaya, ya fara ne a 2009, sabon salonsa eARC kuma a 2017. Tsohuwar da ba ta da shi ba asara ba ce: ka jona dikoda da komai a talabijin, ka ja wayar haske daga talabijin zuwa risiba, za ta ɗauko Dolby Digital 5.1 lafiya lau muddin talabijin ɗin yana miƙa shi ta nan. Irin waɗannan tsofaffin sukan yi araha ƙwarai saboda kowa yana gudunsu. Gwada kowane layi ɗaya bayan ɗaya, ka tabbatar akwai rimot, kuma ka tambayi ƙaramin makirfon da ake auna ɗaki da shi, don sau da yawa ya ɓace a hanya.

Mataki na bakwai: saurara da kunnenka, da kayanka

Mai shago zai kunna maka kiɗa mai duka a ƙirji, ya ƙure murya. Kowace sipika tana burgewa a haka. Kai ka zo da naka a filashi ko a waya: wani yanki na fim inda mutum biyu ke hira a hankali, da karatun wani makaranci da ka san muryarsa sarai, da waƙar da ka ji sau ɗari. Muryar mutum ita ce jarrabawa mafi tsanani, domin kunne ya san ta tun yana jariri. Ka saurara ko ana jin ƙarshen kalmomi, ko "s" tana sukar kunne, ko muryar namiji ta yi kauri kamar yana magana a cikin tulu.

Idan kana gwada biyu, ka daidaita ƙararsu. Wadda ta ɗan fi ƙara kullum ita kunne ke zaɓa, kuma masu sayarwa sun san haka. Ka kuma rage murya sosai ka ji, tunda a gida da dare haka za ka fi amfani da ita.

Mataki na takwas: wuta da waya

Kashi ɗayan nan da muka ware tun farko, kada ka cinye shi a ciniki. Wutar da ke hawa da sauka, da lokacin da ake juyawa daga NEPA zuwa janareta, su ne ke kashe risiba da wufa. Sayi sitabilaiza wadda ƙarfinta ya ɗara jimillar abin da aka rubuta a bayan na'urorin, zai fi kyau mai jinkirta kunnawa bayan an kawo wuta. A saba kashe kayan kafin a juya layi. Mai inbata ya sani cewa masu arahar nan da wutarsu ba sumul take ba suna sa amfilifaya gunji.

Waya kuwa nan ne ake yi wa mutane wayo da kwalliyar leda. Tagulla zalla mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta isa har wajen mita 10 zuwa 15, idan ya fi haka ka ɗauki 2.5. Abin da za ka kiyaya shi ne alminiyon da aka shafa wa tagulla a sama: kankare bakin wayar da wuƙa, idan ciki ya fito fari ka san me aka ba ka. Wayar HDMI ma mai matsakaicin kuɗi hoto da sauti iri ɗaya take kawowa da mai tsada. Wajen jonawa, ja da ja, baƙi da baƙi a kowace sipika. Ka juya ɗaya, gurnanin ƙasa ya tsere, murya ta rasa wurin zama.

Mataki na tara: ajiye su inda za su yi aiki

Wannan kyauta ne, amma yana canza sauti fiye da ƙarin dubu ɗari. Hagu da dama su buɗe kusan digiri 30 kowace daga inda kake zaune, ma'ana tazarar da ke tsakaninsu ta yi kusan daidai da tazararka da kowace. Ƙananan faifansu su yi daidai da kunnenka idan kana zaune, ba can saman bango kusa da sili ba kamar yadda masu haɗawa suka saba yi don kyan gani. Ta tsakiya ta zo bakin kanta, ba a tura ta cikin lungu ba. Na baya su zauna gefe da ɗan baya kaɗan, wajen digiri 110, sama da kai kaɗan.

Wufa tana da tata dabarar. Ɗora ta a kan kujerar da kake zama, kunna kiɗa mai gurnani, sannan ka durƙusa ka bi jikin bango kana saurare. Inda ka ji gurnanin ya fito a cike ba tare da ruri ba, nan ne mazauninta. Yara za su yi maka dariya, ka ƙyale su.

Daga nan ka shiga saitin risiba. Idan tana da awon ɗaki na kanta, YPAO a Yamaha ko Audyssey a Denon da Marantz, ka sa makirfon a tsayin kunne, ka kashe fanka da janareta in zai yiwu, ka bar ta ta gama. Bayan ta gama ka duba abin da ta zaɓa: sa duk sipikun a matsayin ƙanana ko da dogaye ne, ka tsayar da mahaɗarsu da wufa a hez 80, ko 100 zuwa 120 idan 'yan mitsitsi ne. Haka nauyin gurnani zai koma kan wufa, risiba ta huta. Idan har yanzu magana tana nutsewa, ƙara wa ta tsakiya desibel 2 ko 3, kuma ka kunna yanayin dare don harbin fim kada ya tashi masu barci. Ka bar wa risiba sarari kamar tafin hannu a sama don iska, kada a ɗora mata dikoda, kuma idan hunturu ya shigo a riƙa rufe ta da ƙyalle bayan an kashe ta ta huce.